Gensaku Mai Shafa Gora

Kafin jirgin kifi na farko ya shigo, Osanai Gensaku ya riga ya kwashe ƙanƙarar da ta toshe ƙofar zauren kendo, wato wasan takobin gora. Ba aikinsa ba ne. Shi dai ke fara zuwa, ƙofar kuma ba ta buɗuwa sai an kwashe. Shagona na shayi yana daura da zauren, titi ne kawai tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na tsinta ba. Shekara talatin da takwas ina leƙensa ta taga. Ya shiga, ya rusuna wa zauren da ba kowa a ciki, ya jawo 'yar kujerarsa ya ajiye a bakin ƙofa, kusa da ma'ajiyar takalma, inda iska ta fi cizo. Murhun kananzir yana can ƙuryar zaure. An sha ce masa ya matsa kusa, sai ya ce zafi ba ya yi wa gora kyau.

Kayan aikinsa ba su cika akwatin takalmi ba: 'yar wuƙa, gutsuren kwalba na kankare gora, guntun kyandir, kwalbar mai, da wani tsumma da na rantse ya girmi 'yata. Duk wanda ya zo, ɗan makaranta ne ko ɗan sanda ko shugaban 'yan kifi, zai cire takalmi, ya miƙa masa takobinsa na gora da hannu biyu. Gen zai rufe ido, ya bi tsagin gorar nan huɗu da yatsu tun daga baki har mariƙi, ya matsa su su buɗe, ya zura yatsa ciki ya shafo gefen da ido ba ya gani. In lafiya lau ne, ya mayar maka, ko tari ba zai yi ba. In ya ji abin da bai yi masa ba, ya ajiye a bayansa, kai kuma ka je ka ari wani a cikin ganga. Ba roƙo, ba "ai jiya na sayo shi". Ya riga ya miƙa hannu ga na bayanka.

Ba wanda ya naɗa shi. Shekara biyu da sake buɗe zauren, bayan an ɗage hanin da aka yi wa wasan takobi a ƙarshen yaƙi, maza na ta ɗoki, kowa ya zaƙulo tsohon takobinsa daga rufin ɗaki. Da sanyi ya tsananta sai suka riƙa jera takubban kusa da murhu, wai don mariƙi ya yi ɗumi. Gora kuwa in ta sha wuta bushewa take, ta yi gautsi. Wata safiya aka kai wa Rokuro mai raba wasiƙu sara a ka, irin mai kyan nan da malamai ke yabawa, sai sartse ya ɓalle, ya bi ta tsakanin sandunan ƙarfen kwalkwalinsa, ya shige idonsa na hagu. Rokuro ya ƙare kwanakinsa yana karanta adireshi da kai a karkace kamar kaza.

A lokacin Gen sana'arsa ɗaure gangunan kifi da zoben gora, kuma ɗalibi ne a zauren. Da aka fita da Rokuro, kowa na tsaye cirko-cirko, shi ya ɗauki takobin ya shafa. Ya ce, "Wannan ai tun jiya yake faɗin abin da zai yi. Ba wanda ya tambaye shi ne." Washegari ya zo da kujera.

Kada ku ɗauka wani gwani nake ba ku labari. Kendon Gen abin tausayi ne. A mataki na biyu ya tsaya. Sau bakwai ya je birni jarrabawar na uku, sau bakwai ya dawo mana da tsarabar alewa. Ihun nan da suke yi lokacin sara, nasa kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Allunan sunaye da ke jere a bango, manya a sama, an ce nasa na can ƙasa, waɗanda ya ɗaura wa igiyar kwalkwali suna ƙanana duk sun haye kansa. Ni ban san abin da aka rubuta a jikinsu ba, amma na san ƙasa in na gan ta.

Amma ku tambayi duk wanda ya halarci ranar da manyan baƙi suka zo daga birni, shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Malam Ebina, shugaban zaure, mai mataki na bakwai, ya shigo a gaban baƙinsa, ya wuce kujerar Gen da takobi a hannu kamar bai gan ta ba. Gen ya kama bakin takobin ya riƙe.

"Malam."

"Osanai-san, baƙi na jira."

"Su jira da idanunsu biyu-biyu, Malam. Ya fi."

Ya karɓa, ya rufe ido, ya shafa, ya ajiye a bayansa. Ran nan Malam Ebina da takobin aro ya yi wasa a gaban baƙi, mai sunan wata yarinya rubuce a mariƙi. Wata guda yana amsa gaisuwar Gen da ƙeya. Da aka kwance takobin nasa kuwa, tsaga aka tarar a ciki tsawon yatsana. Tun daga nan Malam ke fara miƙa nasa kafin kowa, sai dai yana yi yana kallon rufi.

Kai ne, Gen, mai tsaron idanun garin nan. Matuƙin jirgin da ke kai mu tsibiri, ta hannunka ya bi yana ɗan shekara bakwai. Malamar ɗinki, da mai gyaran agogo, da ɗan sandan da ke hango mai laifi tun daga kan gada, duk da idanun da ka ajiye musu suke cin abinci. Ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Sartsen da ka kankare da gutsuren kwalba ka zubar a kwandon shara, wa zai tuna da shi? Shekara talatin da takwas ba a sake fita da kowa daga zauren nan riƙe da fuska ba, sai mutane suka ɗauka haka gora take, mai hankali.

Girman da ake ba shi ne ya so ya jawo mana. A garin nan abin da Gen ya duba ba a sake dubawa. Ka karɓi takobi daga hannunsa ka tsaya kana jujjuya shi? Kamar ka kira shi maƙaryaci ne a gaban jama'a. Har ta kai maza masu furfura, masu koyar da wasu, ba su san yadda ake kwance igiyar takobinsu ba. In ya tsage su bar shi a bakin ƙofa, gobe su tarar an gyara, an shafa mai. Na taɓa ce masa ya sangarta su. Ya ce in kula da tukunyata.

Bara, lokacin tsinkar tuffa, ya shigo shagona bayan an tashi daga horo. Na zuba masa shayi daga tafasa, a kofin nan namu marar mariƙi, wanda ni kaina sai da tsumma nake ɗauka. Ya ɗauka da yatsu uku ya riƙe, yana ba ni labarin kyanwarsa da ta haihu a cikin kwalkwalinsa. Na bar shi ya yi nisa.

"Gen, ajiye kofin nan."

"Ban sha ba tukuna, Yaya Tome."

"Ajiye, ka juyo min hannunka."

Bakin yatsun sun yi jawur, ɗaya har ya fara tashi. Ya tsaya yana kallonsu kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara. Babban yatsa ne ya fara. Yanzu duk sun bi shi."

"To da me kake duba takubban mutane tun bazara? Da kyakkyawar niyya?"

"Da leɓe. In an watse sai in bi waɗanda aka bari a zaure ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ake zuwa da su daga gida kuwa…"

"Matarka ta shekara goma da rasuwa, sai yanzu ka koma sumbatar gora."

Bai yi dariya ba. Ni ma da na faɗa ban ji daɗin bakina ba.

A nan nake so ku buɗe kunne, don ba ɓoyewa ya yi ba. Ashe tun kafin in lura ya riga ya je gidan Malam Ebina da kayansa na fita unguwa, ya durƙusa, ya ce hannunsa ya daina ji, a nemi wani. Malam ya ji daɗi ƙwarai. Har matarsa ya kira ta zo ta ga yadda mutanen dā ke ƙanƙan da kai. Ya ce shi ma ai kullum yakan ce bai iya kendo ba. Gen ya koma karo na biyu da takardar ajiye aiki. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ta daidai goshi, ya mayar masa ba a buɗe ba. Haka ake yi wa mutumin kirki. Karo na uku ya kai takardar likita. Manyan zaure suka zauna, suka gano cewa an daɗe ba a karrama Osanai-san ba, shi ya sa yake ta maganar tafiya. Suka ba shi takardar yabo a cikin gilashi.

Na ce, "To ka zauna a gida mana, su nemi wani dole."

"Na gwada kwana biyu. Kin san abin da suka yi? Kujerar suka riƙa rusuna wa, suna wucewa da takubbansu."

Gaskiya ya faɗa. Na gani ta taga, na ɗauka mura ce ta kwantar da shi.

Ga shi kuma horon tsakiyar sanyi na ƙaratowa: kwana goma a jere, a lokacin da gora ta fi bushewa a duk shekara, mutum sittin suna dukan kan juna, goma sha ɗaya sababbi. Ana farawa washegarin bikin buɗe zaure na sabuwar shekara. Gen ya ƙirga kwanakin, ya rame. Kowace safiya sai ya zauna a kujerar nan ya rufe ido ya shafa abin da ba ya ji, ya miƙa wa mutum, mutumin ya rusuna ya gode.

Saura kwana huɗu bikin, ya shigo shagona da damin takubba goma a kafaɗa.

"Ke nake so ki riƙe min waɗannan, Yaya."

"Me ya sa ni?"

"Ke kaɗai ce a garin nan in aka kawo miki mugun labarin mutum ba kya gardama."

Na gode masa da yabon. Ya ce ɗaya daga cikin goman yana da sartse siriri kamar gashi, da leɓe ya gano shi, ya nuna min. In cakuɗa su yadda na ga dama, in kawo ranar biki. Ya riga ya roƙi Malam izinin ya nuna aikinsa a gaban baƙi, Malam kuma ya yi murna. Zai duba goman a tsakiyar zaure, zai ce duk lafiya, tunda ba ya ji. Sai ni in zaro mai sartsen in nuna wa kowa.

"Za su yi maka kallon tsohon da ya ruɗe," na ce. "A gaban baƙi."

"Shi nake so. Sunan nan da na tara, in bai yi min wannan ba, me zai yi min?"

Da ya tafi na zauna ina kallon damin. A bayan shagona akwai tarin takubban da Gen ya ƙi a shekarun baya, yakan ba ni in kafa wa wake ya hau. Na tono biyu masu kyan gani, kamar ba a taɓa dukan kowa da su ba, waɗanda ya ƙi tun yatsunsa na da rai. Na cire biyu masu lafiya daga cikin goman, na sa su. Ban faɗa masa ba. Mutum in da hannunsa ya ɗauko abu, ko nauyinsa kaɗai zai iya tona masa shi. Kuma na san Ebina. Kuskure ɗaya tak, sai ya mayar da shi wani sabon salon ƙanƙan da kai.

Ranar biki zaure ya cika. An fasa babban dunƙulen shinkafar sabuwar shekara, ni kuma ina gefe da tukunyar kunun wake mai zaƙi da za a ci da shi, kamar kowace shekara. Ɗalibai sun durƙusa a jere bisa girma, kowa da kwalkwalinsa a gaban gwiwa. Baƙi na sama kusa da Malam. Aka kira Gen. Tun da nake ban taɓa ganinsa a tsakiyar zauren nan ba tare da wani na dukansa ba. Ya rusuna, ya ce a cikin takubban nan goma akwai ɗaya marar lafiya, Tome mai shayi ce ta cakuɗa su.

Ya ɗauki na farko, ya rufe ido, ya shafa, ya ajiye a dama. Na biyu, dama. Na uku, ɗaya daga cikin nawa ne, ya wuce kamar ruwa. Na biyar ma nawa, dama. Da ya zo kan na bakwai sai ya tsaya. Ya auna shi a tafin hannu, ya koma baya da yatsa, ya sake komawa. Ya ajiye a bayansa. Nasa ne, wanda ya kawo. Ya ƙarasa sauran ukun.

Malam Ebina ya karɓi na bakwan ya kai wa haske, ya gano sartsen, ya nuna wa baƙi. Zaure ya ɗauki tafi.

"Kun gani ko?" in ji Malam. "Wannan ne mutumin da ya shekara yana ce min hannunsa ya mutu. Osanai-san, kada in sake jin maganar nan sai bayan shekara goma."

Ni ba Malam nake kallo ba. Gen nake kallo. Ya ɗaga yatsunsa yana duba su, fuskarsa kamar ta matar da aka ce jirgin mijinta ya nutse, sai ga shi ya ɓullo a bakin tasha. Ya yarda. Ya manta da duk abin da muka shirya, ya ɗauka sun dawo.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya da ludayi a hannu. In na yi shiru, wa ya sani? Takubba biyu ne, in kwashe su in mayar wa wakena. Ya sami kujerarsa, ya sami fuskar nan da ban gani ba tun matarsa na da rai. Shekara talatin da takwas mutumin nan yana shan shayina, bai taɓa cewa ya yi daɗi ba, bai kuma taɓa shan na wani ba. Sai idona ya sauka kan layin ƙarshe, sababbin nan goma sha ɗaya, suna tafi suna kallonsa da ido fal-fal.

Na ce, "Uku na sa."

Tafin bai tsaya lokaci ɗaya ba, ya riƙa mutuwa ne daga gefena zuwa sama. Tsohuwa ba ta magana a zauren nan, balle daga bakin tukunya.

Malam ya yi murmushin da ake yi wa masu ruɗewa. "Iya Tome, yau ranar biki ce."

"Na sani, Malam. Ni na dafa waken."

Gen ya juyo. "Uku, Yaya?"

"Uku. Biyu na cikin taran da ka ce lafiya."

Bai ce na ci amanarsa ba. Ya jawo taran nan gabansa, ya fara daga farko, a hankali, kowanne sai ya bi shi sau biyu. Ana jin murhu na huci. Ya gama, ba ko ɗaya a bayansa. Ya sake. Sannan ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya kai goshinsa kan katako, ya yi magana daga nan.

"Malam, ka gani da idonka. Ba kunya ba ce, ba ladabi ba ne. Hannun ya tafi. Tun bazara nake miƙa wa mutanenka abin da ban duba ba."

Malam dai bai saki ba. Ya ce wataƙila tsohuwa ce ta yi kuskuren lissafi. Ya kira manyan ɗalibansa uku su duba. Suka taso, suka durƙusa a gaban takubban, ba wanda ya kai hannu. Suna kallon Gen, suna kallon ƙasa.

Gen ya ɗago. "Ku taɓa mana. Ba su cizo. Ni ne na ce."

Suka taɓa kamar masu ɗaukar jariri ranar farko. Suka jujjuya, suka leƙa ta baki, ɗaya har ya girgiza nasa a kunne. Ba su ga komai ba. Baƙi suka fara sha'awar rufin zaure.

Sai murya ta fito daga can ƙarshen layi, ƙasa da 'yan shekara bakwai. Fusae ce, 'yar shekara arba'in da uku, mai aiki a gidan gyaran kifi. Wata tara ke nan da fara kendonta, don likita ya ce ta riƙa motsa jiki, kuma tunda ita ce ta ƙarshen shigowa, ita ce ta ƙarshen zama. Ba ta daɗe a zauren ba har ta koyi abin da ba a yi.

"Malam, a yi min afuwa. Ko zan iya gwadawa?"

Gen ne ya yafito ta. Ta zo da rarrafen gwiwa, ta goge hannu a rigarta, ta ɗauki na farko ta zura yatsu ta ja, kamar yadda ake bin bayan kifi. Ko rufe ido ba ta yi ba. Na uku, ta ce, "Nan." Ta ci gaba. "Nan ma, amma wannan a ciki yake." Ta gama taran kafin in mayar da ludayi cikin tukunya.

Gen ya kai na farkon leɓensa, sannan na biyun. Ya daɗe.

"'Yar nan, wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Baba. Ƙayar kifi nake cirewa shekara ashirin. In ɗaya ta wuce ta shiga maƙogwaron wani, an san daga teburin wa ta fito."

"Ana dubawa a bayanki?"

"Mutum biyu, Baba. In ba haka ba wa zai iya barci?"

A nan ne Gen ya yi dariya, da muryar nan tasa ta tsohuwar ƙofa, har da hawaye. Ban sani ba ko duk na dariyar ne.

Malam Ebina ya miƙe. Na ɗauka korata zai yi, har na fara neman murfin tukunya. Ya je ya ɗauko takobinsa, ya sauko daga wurin manya, ya durƙusa a gaban Gen, a inda ɗalibi ke durƙusawa. Mutumin nan ya haura saba'in, gwiwoyinsa sai da suka yi ƙara.

"Osanai-san, sau uku ka faɗa min ban ji ba. Nuna min yadda ake kwance igiyar nan."

Tunda Malam ya durƙusa, wa zai tsaya? Mutum sittin suka baje a ƙasa da takubbansu, har baƙi. Gen yana bi tsakaninsu yana faɗa da baki, "Ba nan ba, ja ƙullin ta ƙasa. Kai, ɗan sanda, kwancewa aka ce, ba kamawa ba." Ran nan takubba takwas aka fitar. Wakena ya kama a gindin tukunya, aka ci haka nan, ba wanda ya isa ya yi magana.

An yi horon tsakiyar sanyi an gama lafiya. Gen kuwa kwana tara bai taka shagona ba. In ya fito daga zaure sai ya bi ta bayan gidan wanka, hanyar da ta ninka tasa biyu, a cikin ƙanƙara. Ran na goma ya shigo ya zauna inda ya saba. Na zuba shayi, na bar shi ya huce, na naɗe kofin da tsumma.

"Uku," ya ce.

"Huɗu na so, ban sami na huɗu mai kyan gani ba."

"Kin san na ɗauka sun dawo?"

"Na gani."

"Kika kuma buɗe baki."

"Wake na kamawa, ina so a gama."

Ya kurɓa. "Shayin nan ya yi sanyi."

"Ta ina ka sani?"

"Bakina bai mutu ba tukuna, Yaya."

"Naka da nawa ke nan."

Yanzu Fusae ce a bakin ƙofa. Amma kafin takobi ya kai hannunta, mai shi ya duba, na kusa da shi ya duba, in ta gama kuma wani ya bi bayanta, ko da ɗan shekara bakwai ne, ta kuma ce masa ta gode. Duk sabon da ya zo koyon kendo, kwana ukun farko ba ya dukan kowa. Wurin Gen ake kai shi, ya koyi kwancewa, da kankarewa, da shafa mai, da ɗaurewa. Wasu na gunaguni, wai sara suka zo koya. Gen yakan ce musu shi ma shekara arba'in yana jiran ya koya, su yi haƙuri.

Ranar Lahadin nan za a yi masa bikin sallama, na gaske wannan karon. Za su yi jawabi, za su lissafa shekaru, za su ce bai taɓa kuskure ba. Ni ba wannan na zo faɗa ba. Kai ne, Gen, ka je sau uku kana roƙon a karɓe abin da kowa ke riƙewa da haƙori. Kai ne ka durƙusa a gaban baƙi ka ce ka kasa, alhali tafi na tashi, alhali da ka ce tsohuwa ta ruɗe kowa zai gaskata ka, don an daɗe ana neman wanda zai faɗa. Tsare ƙofa shekara talatin da takwas aiki ne. Tashi daga bakinta ya fi shi wuya, ka kuma yi duka biyun. Mun gode. Iyayen da ba su taɓa sanin suna da abin gode maka ba, na gode a madadinsu, ko ba su aike ni ba.

Ku kuma da labarin nan ya iso kunnenku, ko gora kuke shafawa, ko jirgi kuke tuƙawa, ko allura kuke yi wa mutane, ranar da hannu ya daina ji ku faɗa. In aka ce ladabi ne ku sake faɗa, har sai an ji. Wanda kuma kuke girmamawa, kada ku bar shi shi kaɗai da aikinsa. Ku riƙa dubawa a bayansa. In ya ji haushi, kwana tara ne.